Telan Daura da hukuncin naira 1,550,000: yadda shagonsa ya kusa tafiya a gwanjo

Telan da wannan bayani ya shafa yana da shago a cikin garin Daura, da kekunan ɗinki huɗu da yara masu koyon aiki. Ba zan faɗi sunansa ba, haka ma na Alhajin da ya ba shi rance, domin dukansu suna nan da ransu, suna haɗuwa a wurin jana'iza da ɗaurin aure. A watan Janairun 2024 wata kotun shari'ar Musulunci ta yanke masa hukuncin biyan naira 1,550,000. Abin da ya sa na ga ya dace a zauna a duba lamarinsa shi ne, mafi yawan wahalar da ya sha a makonni shidan da suka biyo bayan hukuncin ya sha ta, kuma shi ya jawo wa kansa.

A watan Disambar 2022 ya karɓi rancen, naira 1,800,000, daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi, aminin marigayi mahaifinsa. Da naira 1,200,000 ya sayo injin aikin wuya mai kwamfuta, na hannu, daga Kano. Sauran kuɗin rabi ya shiga shadda da zare, rabi kuma ya tafi a kayan ɗakin ƙanwarsa da aka sa wa rana. Alhajin bai san da wannan rabin na biyu ba sai a kotu. An yi alƙawarin biya bayan Babbar Sallar 2023. Ba a rubuta komai ba, sai dai an yi maganar a zauren Alhajin a gaban mutum biyu. Kowa a cikinsu ya san aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma a kan rubuta bashi ta sauka. Amma a wurinmu yaro ya ce wa abokin babansa a ɗauko takarda da biro abu ne mai nauyi, shi ma babban yana ganin idan ya nema kamar ya ce bai yarda da ɗan amininsa ba ne.

Lissafin telan ba na wauta ba ne. Sallah biyu da lokacin bukukuwa sun isa su fitar da kuɗin injin a shekarar da komai ke tafiya daidai. Sai dai 2023 ba ta zo da haka ba. A watannin Fabrairu da Maris aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutanen ƙauye da ke kawo masa ɗinki da kuɗi a hannu suka ɗauke ƙafa. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500, shi kuwa injin nan ba ya aiki sai da janareta. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli aka rufe iyaka, 'yan Matamaye da Magarya da ke shigowa ta Kwangwalam su bar masa ɗinkin gida guda suka daina zuwa. Duk da haka ya biya wani abu daga cikin bashin: naira 250,000 ta banki, sai kuma naira 150,000 da ya ƙirga ya damƙa wa yaron shagon Alhajin da yamma, ba kowa a wurin. Daga nan ya fara ƙin ɗaga waya. Alhajin ya aika sau da dama, ya yi magana da yayan telan, ya haƙura har watan Nuwamba, sannan ya kai ƙara.

Kafin a je kotu ɗan Alhajin ya yi ta barazanar zai sa a kama shi. Yana da kyau a sani cewa dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, ta kuma hana kama wani a madadin wani. Inda magana ke canzawa shi ne idan da zamba a ciki, ko mutum ya ba da cekin da ya san babu kuɗi a asusun, wanda dokar 1977 ta sa wa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Alhajin da kansa ya tsawata wa ɗan nasa, ya ce alƙali zai je.

Zaman kotun bai yi tsawo ba. Alƙali ya tambaye shi: "Malam, ka ji abin da mai ƙara ya faɗa. Yana bin ka ko ba ya bin ka?" Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, yana bi na, amma na biya dubu ɗari huɗu." Da wannan amsa asalin bashin ya tabbata, domin iƙirari ya fi shaida ƙarfi. Abin da ya rage shi ne batun biyan, kuma a nan telan ne ya koma mai da'awa, shi zai kawo hujja. Takardar banki ta fitar da naira 250,000 ba gardama. Naira 150,000 kuwa ba shaida, yaron da ya karɓa ya tafi ci-rani kudu, lambarsa ba ta shiga. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan jihar Katsina ke hukunci da ita, shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa ya isa a sha'anin dukiya, amma ko ɗayan bai samu ba. Aka juya wa Alhajin rantsuwa, ya rantse cewa kuɗin ba su zo hannunsa ba. Ni dai ban ga dalilin tuhumar ɗayansu da ƙarya ba. Mai yiwuwa ne telan ya bayar, Alhajin kuma bai karɓa ba. Aka yi i'izari, aka tambaye shi ko yana da sauran magana, ya ce babu. Alƙali ya yanke naira 1,550,000, ya ba shi kwana 30 ya biya ko ya ɗaukaka ƙara.

Akwai wata buƙata da Alhajin ya kawo wadda kotu ta ƙi. Ya ce kuɗin da ya bayar a ƙarshen 2022, da gero ya saya ya ajiye, yanzu da ƙyar za su sayi rabin buhunan, don haka a duba masa. Maganarsa gaskiya ce ta fuskar kasuwa: dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,400 a farkon 2024. Amma alƙali ya ce rance da kwatankwacinsa ake biya, abin da aka ƙara a kai riba ne. Ina ganin ya kamata a riƙa faɗin wannan ɓangaren idan ana ba da irin wannan labari, domin an saba tausaya wa wanda ake bi a manta da mai bi. Mutumin nan ya yi taimako don Allah, ya yi asarar da babu kotun da za ta mayar masa.

Makonni shida na ɓuya

Da telan ya fito daga kotu bai nufi gidan yayansa ba, bai nemi lauya ba, majalisarsu ta dare ya je. A can aka cika shi da shawarwari. Wani ya ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ya damu kansa. Wani ya ce ya kwashe injin ya kai gidan surukai, idan an zo ya ce na matarsa ne. Wani ya ce ya bar garin na ɗan lokaci, Alhajin zai gaji. Ya ɗauki biyu daga ciki. Cikin dare aka ɗora injin a motar kaya aka kai wani gida a bayan gari, shi kuma ya kama hanyar Kano, ya kashe waya, ya bar wa babban yaronsa shago.

Domin a gane girman abin da ya yi wa kansa, sai an san yadda fiƙihun Malikiyya ya kasa waɗanda ake bi bashi. Akwai wanda talaucinsa ya tabbata, shaidu sun ce ba su san shi da dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, shi ma ya rantse a kan haka. Wannan jinkiri ake yi masa har ya samu, kamar yadda aya ta 280 ta Baƙara ta yi umarni, ba a tsare shi. Akwai wanda ba a san halinsa ba, wanda alƙali zai iya tsarewa har a gane gaskiyarsa, sai fa in ya kawo mai tsaya masa. Akwai kuma wanda aka san yana da abin biya ya ƙi, wanda hadisi ya kira jinkirinsa zalunci, shi kuwa ana tsare shi har ya biya. Ranar da aka yanke hukunci telan yana tsakanin na farko da na biyu: yana da kadara, ba shi da tsabar kuɗi, kuma dalilan karyewarsa kowa a Daura ya san su. Daga daren da ya ɓoye injin ya mayar da kansa na uku a idon duk wanda zai duba. Garin kuma ba shi da girman da za a ɗauki injin mai nauyi haka a mota ba wanda ya gani. Kafin mako ya zagayo Alhajin ya san gidan da aka kai shi.

Kwana 30 suka cika ba biya ba ɗaukaka ƙara. Alhajin ya koma ya nemi a zartar da hukunci. A farkon watan Maris, saura kwanaki a kama azumi, lokacin da kowane tela ke jira shekara guda, ma'aikatan kotu suka zo shagon da takarda suka fara rubuta abin da ke ciki.

A nan babban yaron shagon ya yi abin da ya fi na maigidansa hankali. Kantar shagon cike take da shaddodi da yadukan mutane na ɗinkin Sallah. Da ya ga ana ƙirga su, sai ya ɗauko littafin awo ya buɗe. Kowane shafi da sunan mai kaya, da awon wuya da hannu da tsawon riga, ga kuma ɗan ƙyallen da aka yanko daga yadin an maƙale shi da allura a gefe. Ya riƙa ɗauko yadi yana ɗora ƙyallen a kai, ɗaya bayan ɗaya, har aka ware kayan mutane gefe. Hukunci a kan dukiyar wanda ake bi yake hawa, ba a kan amanar da ke hannunsa ba. Keke ɗaya ma na mahaifiyar wani yaro ne da ta saya masa, aka ce ta je kotu da rasit ko shaidu ta faɗa. Sauran kekunan uku da janareta aka rubuta su, aka rufe shagon. Kafin la'asar masu ɗinki sun fara zuwa suna karɓar kayansu. Rabin aikin Sallar shekarar a ranar ya watse.

Komawa gaban alƙali

Yayansa, malamin firamare, shi ya bi shi Kano ya taho da shi. Abin da ya faɗa masa a tasha kaɗan ne: "Kai ka gudu, mu ka bar mu da kunyar. Inna ba ta fita ko barka tun da aka rufe shagon. Tashi mu tafi." Telan ya ce: "Yaya, ɗaure ni za a yi." Ya ce: "In ka zauna nan ne za a ɗaure ka."

Suka sami wani lauya ɗan unguwarsu da ke aiki a Katsina. Telan ya zo da niyyar ɗaukaka ƙara saboda naira 150,000 ɗin nan da ke ci masa rai. Lauyan ya warware masa abin dalla-dalla. Wa'adin ya wuce, sai an roƙi ƙarin lokaci, kuma zuwa Kano a ɓuya ba uzuri ba ne. Ko an karɓa, ɗaukaka ƙara ita kaɗai ba ta dakatar da zartarwa, sai an nemi umarnin dakatarwa daban. Shi da bakinsa ya amsa bashin, ba shi da sabuwar hujja a kan kuɗin da ya ce ya bayar. Sannan idan shari'ar ta yi nisa akwai rigimar hurumi, domin sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita aikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure da gado da wasiyya da waƙafi da makamantansu, bashi ba ya cikin jerin. Kuɗin lauya da na zirga-zirga za su iya cinye abin da yake nema. Ya ce masa hanya ɗaya ce: ya mayar da injin shago da rana tsaka kowa na gani, ya rubuta duk abin da ya mallaka ba ragi, ya je kotu da ƙafarsa kafin a zo nemansa.

Lauyan ya kuma nuna masa cewa da a babbar kotu ko kotun gunduma aka yi shari'ar, da mai bin bashin zai iya neman a riƙe kuɗin da ke asusunsa na banki, a ba bankin da shi sanarwar aƙalla kwana 14, sannan a miƙa kuɗin. A can ma da kayan da ake iya ɗauka ake farawa kafin a taɓa gida ko fili. Dokar zartar da hukunci ta tarayya ta ce a bar wa mutum tufafinsa da shimfiɗarsa da kayan sana'arsa, amma iyakar darajar da ta sa wa abin da za a bari naira 10 ce, adadin da yau ko allura ba zai saya ba.

Ranar da suka koma, alƙali bai sakar masa fuska ba. Ya tambaye shi inda ya shiga da inda injin ya kwana. Telan ya faɗi gaskiya, ya miƙa takardar kadarorinsa: injin, kekuna uku, janareta, tsohon babur, da kasonsa a gidan gado da ba a raba ba. Maƙwabtan shagonsa biyu suka ba da shaidar yadda kasuwarsa ta faɗi. Aka nemi mai tsaya masa, yayan ya miƙe. Kafin ya sa hannu lauyan ya ja shi gefe ya bayyana masa abin da mutane da yawa ba su sani ba sai sun shiga ciki. Lamuni iri-iri ne. Akwai na dukiya, wato in bai biya ba kai za ka biya. Akwai na kawo mutum, wanda a Malikiyya shi ma in ka kasa kawo shi kuɗin na iya dawowa kanka, sai idan tun farko ka sharɗanta cewa ba ka ɗauki nauyin kuɗi ba. Malamin ya yi shiru, ya lissafa albashinsa, ya ce ya tsaya a kan kawo shi duk ranar da aka nema, banda kuɗi, kuma a rubuta haka. Wasu a dangi sun ga kamar rowa ce. A ganina shi ne mutum na farko a duk lamarin da ya nemi a rubuta abin da ya ɗauka.

Sai batun me za a sayar. Alhajin ya so a yi gwanjon komai. Lauyan ya kawo maganar da ke cikin Mukhtasar na Shaihu Khalil, inda aka ambaci cewa malamai sun yi taraddudi a kan sayar da kayan aikin mai sana'a, ya ce idan aka sayar da kekunan an toshe hanyar da sauran kuɗin za su fito. Alƙali ya ɗage zaman ya ce su je su nemi sulhu su dawo masa da shi.

A zauren mai unguwa aka yi zaman, da limamin masallacin da Alhajin ke sallah. Telan ya durƙusa ya ce: "Baba, na yi kuskure, kunya ce ta sa na gudu." Alhajin ya ce kuɗin ba su ɓata masa rai kamar kashe wayar ba, ɗan amininsa ya mayar da shi kamar wani baƙo mai bin bashi a tasha. Liman ya kawo ƙissar Ka'abu ɗan Malik, wanda muryarsa ta ɗaga a masallaci yana bin wani sahabi bashi, Annabi (SAW) ya yi masa nuni da hannu ya yafe rabi, ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Alhajin ya ce rabi ya yi masa yawa, ya yafe naira 100,000. Aka amince telan ya nemo mai sayen injin da kansa cikin mako biyu maimakon gwanjo, inda dillalai kan haɗa baki su karya farashi. Wani tela a Katsina ya saya a kan naira 1,000,000, kuɗin suka wuce kai tsaye ta hannun kotu.

Saura naira 450,000. Abin da na fi yabawa a yarjejeniyar shi ne an tsara ta a kan yadda kuɗi ke shigo wa tela, ba a raba ta daidai wa daida a kan watanni ba. Naira 75,000 a watan Ƙaramar Sallah, wato Afrilu, naira 75,000 a watan Babbar Sallah, wato Yuni, sauran watanni goma kuma naira 30,000 kowanne, a gama a watan Maris na 2025. Aka mayar wa alƙali, ya karanta musu, ya shigar da ita a matsayin umarnin kotu, da sharaɗin kowane biya ya bi ta wurin magatakarda a karɓi rasit, kuma in aka tsallake wata biyu a jere Alhajin na da damar komawa kan kekunan. Kuɗin da aka kashe wajen zartarwa aka ɗora wa telan, matar yayansa ta ba shi aron kwasarta ta adashi ya biya. Aka buɗe shago azumi ya yi nisa.

Biyan bai tafi sumul ba. Kason Afrilu bai cika ba sai da wani tsohon mai kawo masa ɗinki ya ba shi wani abu daga zakkarsa, tun da waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa. A watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da kuɗin kowa ke gona, naira 15,000 kawai ya iya haɗawa. Wannan karon tun kafin ranar ta zo ya je wurin magatakarda ya faɗa, ya wuce gidan Alhajin ya faɗa, ya cike gurbin a watan Oktoba da amfanin gona ya fara shigowa kasuwa. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren iyakar tun a watan Maris na 2024, mutanen ƙetare suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, ko da yake ba kamar da ba.

Ya kai kason ƙarshe ana cikin azumin 2025. Lauyan ya ce kada ya tsaya a kan rasit kawai, ya nemi kotu ta rubuta a cikin fayil cewa an gama biya, ta ba shi kwafi, a kuma sauke yayansa daga lamunin, aka yi hakan a gaban Alhajin. Yanzu yana aiki da kekuna uku da na yaron nan da mahaifiyarsa ta saya masa, aikin wuya kuwa sai ya tara ya aika wa masu injin a biya su kan kowace riga, abin da ya rage masa riba sosai. Yara biyu daga cikin masu koyo sun koma wani shagon tun ranar da aka rufe nasa. Naira 150,000 ɗin da ya ce ya ba yaron Alhajin har yau ba a san inda suka shiga ba, yaron bai dawo Daura ba. Kuɗin adashin matar yayansa ne bashin da ya rage a kansa, sun yi da ita zai biya bayan Babbar Sallah, kuma yayan ya sa an rubuta.